Daga Gado Zuwa Keke

Ranar da likita ya ce nan da mako takwas za a sallami Injiniya, ranar ce yayansa, Yaya Babba, ya kira Malama, matar Injiniyan, barandar asibitin ya ce yana da magana. Ta san maganar tun bai buɗe baki ba, don kwana uku ke nan yana kewaye-kewaye a kanta. Ya ce ya sa an gyara ɗakin baƙi a gidansa, can garin da yake zaune, tafiyar awa huɗu a mota. Yana da 'ya'ya maza uku majiya ƙarfi, ga direba, ga mai gadi, duk wanda aka ƙwala wa kira zai ɗaga mara lafiya ya ajiye. Ita fa? Mace ɗaya tal a gida, shekara hamsin da ɗaya, 'yarsu guda kuma tana aure a wata ƙasa.

Malama ta ce ta riga ta yi magana da wani ma'aikacin jinya, zai riƙa zama da shi daga ƙarfe takwas zuwa biyu, lokacin da take makaranta. Yaya Babba ya tambaye ta, idan ma'aikacin ya tashi fa, sauran awa goma sha takwas ɗin wa zai yi su? Ya ce ƙanensa ba jariri ba ne da za a saɓa a kafaɗa, kilo casa'in da biyu aka auna shi ranar da aka kawo shi. Sannan ya ƙara da abin da ya fi komai ƙona mata rai, da murya mai taushi kuma, wai shi a dole rarrashi yake yi: ƙofarsa a buɗe take, duk ƙarshen mako ta zo ta gan shi.

Ta zo ta gan shi. Mijin da suka yi shekara ashirin da bakwai suna kwana ɗaki ɗaya, shi za ta riƙa kai wa ziyara da leda a hannu, ta zauna a falon mutane ana yi mata sannu da zuwa.

Ba ta yi gardama ba, don Yaya Babba irin mutanen nan ne da gardama take ƙara wa taurin kai. Shi ya riƙe Injiniya tun rasuwar mahaifinsu, shi ya tsaya masa har ya gama karatu, kuma har yau da furfura ta cika musu kai, in ya yi magana ƙanen shiru yake yi. Don haka abu ɗaya ta tambaye shi: me zai gani da idonsa ya yarda?

"Ana gobe sallama zan dawo," in ji shi. "Ki ɗauke shi daga gado zuwa keken marasa lafiya, ke kaɗai, ba hannun kowa. In kin yi, na cire bakina. In kin kasa, dama da motata zan zo."

Ta ce ta ji. Babu wanda ya shiga ciki ya tambayi mai jikin, alhali tagar ɗakin a buɗe take, gadonsa kuma yana gindinta. Ciwon ya shanye masa ɓarin dama da rabin harshe, bai taɓa masa kunne ba.

Washegari ta roƙi likitar gashi, matar da ke koya wa Injiniya zama da motsa ƙafa, ta nuna mata yadda ake yi. Matar ta nuna. A jawo keke ɓangaren da yake da lafiya, a danne birki, a ɗaura masa bel a ƙugu, a sauko da ƙafafunsa su taka ƙasa sosai. Mai ɗaukar ta tokare gwiwarsa mara lafiya da nata gwiwoyin, a ƙirga uku, a miƙe tare, a juya, a zaunar. A hannunta abin kamar shan ruwa. Malama ta kama bel, ta ƙirga uku ta ja, Injiniya ko gezau. A ja na biyu wani abu ya soke ta a gadon baya, sai da aka ba ta kujera. Ta ga kallon da ya yi mata kafin ya juyar da fuskarsa bango, kallon mutumin da bai taɓa barin ta ɗauki ko tukunyar gas ba tun da ya auro ta.

A waje likitar gashin ta gaya mata gaskiya. Ba ɗaukarsa za ta yi cak ba, babu mai yin haka. Ƙafarsa ta hagu ce za ta ɗauki mafi yawan nauyin, ita nata ta riƙe, ta tallafa, ta juya shi. Amma ko wannan ɗin yana son cinya da baya, nata kuwa shekara talatin ba abin da suka ɗaga sai littattafan ɗalibai. Ta rubuta mata kwatancen wani gidan motsa jiki da ke ware wa mata lokaci.

Gidan yana saman wani shagon tayoyi, ana hawa ta wani siririn bene, ciki ba abin da ke tashi sai warin roba da gumi. Mai horarwar, wadda ake kira Koci, wata gajeriyar mata ce mai faɗin kafaɗa, dariyarta tsada gare ta. Ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta ce Malama ta tsuguna ta tashi sau goma. A na shida Malama ta dafa bango. Koci ta ce mako takwas ba wani lokaci ba ne ga mai shekarunta, amma in za ta zo kwana biyar a mako, ƙarfe biyar da rabi na safe, ta kuma dawo ajin yamma, ta yi barci da wuri, za a ga abin da Allah zai yi. Ta tambaye ta me take yi da lokacinta in ba ta wurin aiki. Malama ta lissafa mata. Koci ta ce, to, sai ta zaɓa.

Wanda bai san Malama ba zai ce ai ba wani abu ba ne. To, tukwanen furanni talatin da huɗu gare ta a tsakar gida, kowace ta san ranar da ta dasa ta, kuma awar nan da take yi a cikinsu kafin ta tafi makaranta, ita ce awar da ba ta ta kowa ba ce sai ta kanta. Su ta fara sallamawa. Ta kira maƙwabciyarta ta ce ta kwashe, tana tsaye tana kallo matar tana jan furen da ta yi shekara shida tana reno kamar bokitin wanki. Saƙa kuwa ba ita ta bar ta ba, saƙar ce ta bar ta. Kafin mako biyu tafin hannunta ya yi kanta, zare yana maƙalewa a jiki, yatsun kuma da ta riƙe ƙwarashi sai su hau rawa. Rigar sanyin da ta fara wa jikan da ake jira ta tsaya da hannu ɗaya.

Zaman Asabar ya fi yi mata ciwo. Su biyar ne tun suna 'yan makaranta, kowace Asabar a haɗu gidan ɗaya, a buga ludo, a sha shayi, a taɓa gulma daidai gwargwado. Asabar ta farko da ba ta je ba suka kira ta a waya suna ta shewa, suka sa mata suna Lebura, ɗaya ta ce tana da bulo ɗari biyu a ƙofar gida in tana neman aiki. A ta uku wasan ya ƙare. Babbarsu ta kira ta ita kaɗai, ta ce ta ji tsoron Allah ta ji tausayin ƙasusuwanta, mace da shekarunta tana kokawa da ƙarfe, ta bar wa yayan nasa mana ta huta, ai taimakonta yake son yi. Malama ta yi godiya ta kashe wayar. Ta kifa kai a sitiyarin motarta a ƙofar shagon tayoyin ta yi kukanta, ta share fuska ta hau benen.

Akwai abu na huɗu da ta bari, wanda ita kanta ba ta sa a lissafi ba. Da, in ta taso daga makaranta takan kai masa abinci a kula, ta zauna bakin gado ta ba shi a baki, don hannun hagu bai saba da cokali ba. Yanzu ajin yamma ƙarfe biyar ne, hanya kuma ga cunkoso. Sai ta ajiye kular, ta gyara masa filo, ta yi minti goma ta fita da sauri. Shi ya nuna mata da hannu cewa zai iya ci da kansa, likitar gashi ma ta ce hakan ya fi, hannun zai koya. Kullum washegari tana samun kular tas, ko ƙwayar shinkafa babu.

A cikin minti goman nan kalma ɗaya yake jira ya faɗa, ita ce kuma kalmar da take fita daga bakinsa ba tangarɗa.

"Nawa?"

Kilo nawa ta ɗaga yau, yake nufi. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san shi. Shekara talatin aikinsa ke nan, lissafin nauyin da gada za ta iya ɗauka, kuma shi a wurinsa duk abin da bai shiga lissafi ba zance ne kawai. Ita kuwa da murna take ba shi amsa. Makon farko sandar ƙarfe ce zalla, kilo goma sha biyar, ita ma da ƙyar. Sai ashirin da biyar. Sai talatin da biyu. Ranar da ta ce arba'in, mutumin gadon kusa da shi, wani tsohon direba da ya karye a ƙugu, har tafi ya yi mata. Direba mutum ne mai baki, ba ya gajiya da yabon girkinta, wai ƙamshin kaɗai ya isa ya tayar da mara lafiya. Ta ɗauka Injiniya alfahari yake yi da ita, shi ya sa yake tambaya. Ta ji daɗin haka ƙwarai, don shi kaɗai ne bai ce mata ta haƙura ba.

A mako na shida ta tsaya a hamsin. Koci ta ƙara mata ƙananan faifan ƙarfe biyu, sandar ta ƙi barin ƙasa. Washegari ma haka, jibi ma haka. Koci ta ce ba komai, jiki yakan tsaya ya huta, kuma hamsin ta ishe ta aikin da ke gabanta in mijin zai taka da ƙafarsa. Amma kwana biyar a jere Malama tana shiga ɗakin nan tana cewa hamsin. Tun yana gyaɗa kai har ya daina. Sai ya kafe silin da ido, leɓensa yana motsi a hankali, ita kuma ta duba agogo ta ce za ta makara.

Wani abu kuma yana damunta. Tun ranar farkon nan bai sake yarda ta gwada ɗaga shi ba. Duk sanda ta ɗauko bel sai ya girgiza kai, ya ja bargo har wuya, ya ce ya gaji. Dole da buhun yashi take gwaji, wani lokaci Koci ta zauna a benci ta saki jiki ta zama mara lafiya. Likitar gashi ma ta fara ɓata fuska. Ta ce ƙafar hagun da ya kamata a ce tana ƙara ƙarfi baya take ci, kuma da an zaunar da shi jiri yake kwasarsa. Malama ta lura da ƙashin kumatunsa ya fito, ta yi magana. Aka duba takarda aka ce yana cinye abincinsa, na asibiti da na gida, rama kuwa ciwon ya gada. Ta yarda, don tana son ta yarda, kuma don ƙarfe biyar ta kusa.

Yaya Babba kuwa kowace Juma'a sai ya kira. Ya tambayi jiki, ya yi addu'a, sannan ya ba ta labarin ɗakin: an yi fenti, an kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, an sayo katifa irin ta asibiti. Bai taɓa tambayarta yadda nata shirin yake tafiya ba.

Ranar ta zo. Ƙarfe goma na safe ya iso, ta tagar ta hango motar, babba, an riga an kwantar da kujerar baya an shimfiɗa bargo. Ya shigo da sallama, ya dafa kan ƙanensa, ya ja kujera ya zauna a ƙarshen gado ya harɗe hannuwa. Likitar gashi ta tsaya gefe, ta ce ba za ta sa hannu ba sai in ta ga za a faɗi. Direban gadon kusa, wanda ba ya rabo da surutu, ya juya musu baya.

Malama ta yi komai bi da bi. Ta jawo keke hagunsa, ta danne birki biyun, ta sake taɓa su. Ta yaye bargon, ta tayar da shi zaune, ta sauko da ƙafafunsa. Da ta zo ɗaura bel sai ta ga ramin da ake sa wa a da ya yi masa yawa, ta matsa rami ɗaya, ta sake matsawa, ta sake. Amma ba lokacin tunani ba ne, idon Yaya Babba yana kan hannunta. Ta tokare gwiwarsa, ta kama bel ta baya da hannu biyu. Goshinsa a kafaɗarta sanyi ƙalau, ga gumi.

"Ka shirya, Injiniya?" ta ce a hankali.

Ya gyaɗa kai. Ta ƙirga uku ta miƙe.

Ya taso, ya taso da sauƙin da ya tsorata ta. Ta yi mako takwas tana shirin ɗaga mutumin da ta sani, sai ga shi ta rungumo wani da take jin haƙarƙarinsa ɗaya-ɗaya ta cikin riga. Ta fara juyawa. Sun bar gado, ba su kai keke ba, a daidai nan ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe. Kansa ya zame daga kafaɗarta ya langaɓe, hannun da ya riƙe ta da shi ya saki, duk jikinsa ya zubo mata gaba ɗaya.

Ta ji kujerar Yaya Babba ta faɗi. Ta ga likitar gashi ta taho.

"Kada wanda ya taɓa shi," in ji Malama. Ba da ƙarfi ta faɗa ba, ba ta da numfashin da za ta ɗaga murya, amma dukansu suka tsaya.

Bel ɗin yana yanka mata yatsu. Cinyoyinta suka hau rawa, bayanta ya ɗau zafi daga ƙugu har wuya, duhu-duhu ya fara gilma mata. Ta san in ta sunkuya sun tafi ƙasa su biyun, kuma kansa ne zai fara isa bakin gadon ƙarfen. Ta manna shi a ƙirjinta, ta buɗe ƙafa, ta ja tafin ƙafar dama kaɗan, ta ja na hagu kaɗan. Ƙafafunsa suna jan ƙasa. Ta sake ja, ta sake, har ta ji bayan gwiwarsa ya taɓa bakin keken. Sannan ta tsuguna da shi a hankali, bayanta a miƙe, har nauyin ya bar hannunta. Ta tallafe kansa kada ya bugu, ta durƙusa a gabansa tana kiran sunansa.

Daga nan ɗakin ya cika. Aka gwada jini aka ce ya yi ƙasa, sukari ma ya yi ƙasa, aka mayar da shi gado aka ɗaura masa ruwa. Yaya Babba yana tsaye a kanta yana cewa ta gani ko, abin da yake gudu ke nan, da a gida ne fa, da ba kowa fa. Ta roƙi a auna mata mijinta. Da ya farfaɗo ya ɗan dawo hayyacinsa aka kawo sikelin kujera, aka ɗora shi. Kilo saba'in da biyar.

Babbar ma'aikaciyar jinya ta ce ba zai yiwu ba, mutumin da ba ya rage ko loma. A nan ne Direba ya juyo, idonsa ya yi ja. Ya ce shi dai a yafe masa, ba zai iya ci gaba da riƙe wannan abu ba. Mako bakwai ke nan shi yake cin abincin, na kula da na asibitin, abin da ya fi ƙarfinsa ya miƙa wa masu jinyar gadon can. Injiniya shayi yake sha da yankan burodi ɗaya da safe, tun da aka tsaya a hamsin kuwa burodin ma ya daina. Ya ce ya yi masa magana ya fi a ƙirga, shi kuma ya kama hannunsa ya sa shi ya yi alkawari. Ya ce wallahi tun yana jin daɗin abincin har ya koma yana tsaya masa a wuya.

Malama ta juya ta kalli mijinta. Ba tausayi ta fara ji ba, fushi ta ji, irin wanda ba ta taɓa yi da shi ba tun da suke. Ta tambaye shi me ya sa.

Ya daɗe yana kokawa da harshensa.

"Ke... hamsin," ya ce. "Ni... casa'in da biyu. Ba ya... haɗuwa." Ya huta. "Na rage."

Likitar gashi ta dafe kai. Ta ce sau nawa ta gaya masa ƙafarsa ce za ta yi aikin, ba ɗaukarsa za a yi kamar buhu ba, ga shi ya je ya kashe ƙafar da yunwa. Bai ko kalle ta ba. Ya ji ta duk lokutan da ta faɗa, bai dai yarda ba ne, don ba ta ba shi lamba ba. Shi abin da ya sani, ba a ɗora wa abu nauyin da ya fi ƙarfinsa, in ba a iya ƙara ƙarfin ba sai a rage kayan. Yayansa yake kallo. Tun da aka kwantar da shi bai taɓa haɗa ido da shi haka ba.

"Yaya," ya ce. "Gida... nake so."

Yaya Babba ya sunkuya ya tayar da kujerar da ya kayar, ya gyara mata zama, amma bai zauna ba. Sai yanzu Malama ta ga shi ma tsoho ne, mai shekara kusan saba'in, wanda ya yi mako takwas yana zaɓen fenti yana auna tsayin ƙarfen banɗaki da hannunsa.

"Ashe gidana ya kai mutum ya zaɓi yunwa a kansa," ya ce, ba da kowa yake ba.

Ya fita. Ta tagar suka ga ya tsaya jikin motar ya daɗe, sannan ya buɗe baya ya naɗe bargon, ya tayar da kujerar. Da ya dawo bai shigo ciki ba, daga bakin ƙofa ya tambaye ta ko keken zai shiga ƙofar banɗakinsu. Ta ce ba zai shiga ba, ta auna, saura faɗin tafin hannu. Ya ce zai turo kafinta ranar Litinin, ƙarfen dafawar da katifar ma za a kawo. Ya yi wa ƙanensa Allah ya ƙara sauƙi, idonsa a ƙasa, ya tafi.

Likita ya ce babu maganar sallama sai nan da kwana goma, sai ya ci ya murmure ƙafar ta dawo. Mutane suka watse. Direba ya ja bargo ya rufe har kansa.

Malama ta jawo kular da ta zo da ita da safe, ta zauna bakin gadon. Da ƙyar ta iya murɗe murfin, yatsunta sun kumbura inda bel ya yanka. Har yanzu fushin bai sake ta ba, ga kuma wani abu da ya fi fushin ciwo: mako bakwai mutum yana narkewa a gabanta, ita tana duban agogo. Ta ɗebo shinkafa a cokali. Rabi ya zube a bargo.

Ya kalli cokalin, ya kalle ta. Ta ga leɓensa ya fara motsi, ya koma lissafin nasa.

"Ka bar wannan lissafin," ta ce. "Buɗe bakinka ka ci. Duk abin da ka ƙara, ni zan ɗauka."

Ya buɗe bakin. Ta sake ɗebowa.